Shafin Da Baba Natana'el Ya Iya Karantawa

Akwai wani matashi a Nasarawa Gwom, cikin garin Jos, mai suna Siman. Gina shafukan intanet ne sana'arsa, kuma ya iya, ba mai musu. Cutarsa ɗaya ce: ba ya yarda a ga aikinsa sai ya kai inda za a tafa masa.

Mahaifinsa, Baba Natana'el, shi ke jagorantar mawaƙan cocinsu, kuma yawancin waƙoƙin shi ya tsara su. Da tsufa ya zo, idanunsa suka fara dushewa. Rubutun takarda ya daina ganuwa, baitoci kuma suka fara kuɓuce masa. Likita ya ce ganin ba zai dawo ba, raguwa zai yi ta yi.

Wata Lahadi ya tsaya cak a tsakiyar waƙa, coci ta yi tsit. Da suka koma gida ya ce, "Siman, in ban iya karanta waƙoƙina ba kafin bikin godiyar kaka, zan sauka."

"Ba za ka sauka ba, Baba. Zan gina maka shafi, ka riƙa karanta su a waya."

Sai dai gogan naka ba shafi ya tashi ginawa ba, fada guda ya ɗauko. Ya jibgo kayan aiki kala-kala, wannan na haɗa fayiloli, wancan na gwaji, kowanne da dogon saitinsa. In ya gyara ɗaya, biyu su rikice. Masara ta fara bushewa a gonakin Naraguta, ko baiti ɗaya bai hau allo ba. Duk sanda Baba ya tambaya, sai ya ce saura kaɗan.

Wata safiya Ramota, abokiyar aikinsa, ta leƙa kwamfutarsa.

"Oga Siman, wai banki kake ginawa ne, ko waƙar Baba?"

"Ba za ki gane ba. Sai tushe ya yi ƙarfi."

"Na gane sarai. Amma idon Baba ya ce zai jira tushen naka?"

Maganar ta soke shi. Ramota ba ta ƙara masa ciwo ba, kujera ta jawo. Da umarni ɗaya a wani kayan aiki mai suna Vite, sabon aiki ya tsaya da ƙafarsa: fayil na shafi, na launi, da na abin da maballi zai yi. Babu dogon saiti. Duk abin da suka canza, nan take yake bayyana a allo.

"Saka waƙa ɗaya," in ji ta, "da maballin ƙara girman rubutu. Shi ke nan."

Kafin yamma an gama. Siman ya dubi shafin, kunya ta kama shi. "Ai ko ɗan koyo zai yi wannan."

"Ba ɗan koyo za ka nuna wa ba. Kai wa Baba."

Baba ya karɓi wayar, ya kawo ta dab da fuska, ya girgiza kai. "Farin nan yana kashe mini ido."

Nan Siman ya gane kuskurensa. Babban aikin nasa gaba ɗaya fari fat ya zana shi, da siraran haruffa masu launin toka, don a ce ya iya ado. Da ya gama shi ma, Baba ba zai karanta ko kalma ba.

Nan take ya buɗe kwamfutarsa, ya canza layi biyu a fayil ɗin launi. Allo ya koma baƙi, haruffa suka zama rawaya masu kauri.

Baba ya sake duba wayar. Can sai muryarsa ta tashi, ya bi waƙar baiti-baiti har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Siman ya kasa riƙe hawayensa, don murna da kuma nadamar watannin da ya ɓata.

"Wannan ne ka daɗe kana ginawa?" Baba ya tambaya.

"A'a, Baba. Wannan aikin yini ɗaya ne. Babban yana nan tafe."

Tsohon ya miƙa masa wayar yana murmushi. "Bar babban ya huta, ɗana. Zuba mini sauran waƙoƙin a nan, tun ina gani."

Ranar bikin godiya, Baba Natana'el ne ya tsaya a gaban mawaƙa.

Darasi: Ƙaramin abu mai aiki a hannun mai buƙata ya fi ƙasaitaccen aikin da bai bar kwamfutarka ba. Fara da kaɗan, ka kai wa wanda ka yi dominsa, shi zai nuna maka gyara. Ku tura wa duk wanda kuka san ya daɗe yana cewa saura kaɗan.