Sarkin Gangara da Sitiyari Mai Laushi

"To, in ka kashe injin fa, Malam Sammani, sitiyarin zai ci gaba da jin maganarka?"

Ta bayan ƙofar zaure na ji wannan tambaya, ina riƙe da akushin tuwo ban kai ga ajiyewa ba. Ba da ni ake ba. Mai tambayar Nwabueze ne, wani bakanike na Sabon Gari, wanda ake tambaya kuwa maigidana ne. Da baki ba na iya kiran sunansa, amma alƙalami ba shi da kunya, shi ya sa na rubuta.

Maigidana direban Alhaji Kyari ne a lokacin, wani attajirin gyaɗa da fatu, mutumin Barno da ya daɗe a Fagge. Shekararmu biyu da aure, kuma gidan da muke ciki na Alhaji ne, aikin ne ya ba mu shi. Mutumin kirki ne maigidana, ba ya zagi, ba ya hana ni abin da yake da shi. Aibinsa ɗaya ne. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce "ban sani ba."

Kafin Alhaji ya ɗauke shi, shekara tara ya yi yana jan babbar motar gyaɗa. A can ya koyi wata dabara da yake taƙama da ita. Duk inda ya ga gangara sai ya cire giya, ya murɗa makulli ya kashe inji, ya bar mota ta sulale da kanta don kada mai ya ƙone. Yakan dawo daga tafiya da ragowar fetur, Alhaji ya yi ta sa masa albarka. 'Yan tasha suka laƙaba masa Sarkin Gangara, shi kuwa sunan ya fi masa zuma daɗi.

Da kakar shekarar 1957 gyaɗa ta yi kyau, Alhaji ya ce zai sayi babbar motar hawa irin ta manya. Ya tura maigidana wurin masu sayarwa ya gwada guda uku, ya ce wadda ya zaɓa ita za a saya. Ran nan da ya dawo, yana cin abinci yana ba ni labari, hannunsa na juyawa a sama kamar har yanzu yana cikin motar.

"Ma'u, ta Ingila tana da natsuwa, amma sitiyarinta kamar jan guga ne daga rijiya mai gaba goma. Kafin ka fita daga lungunan Fagge rigarka ta jiƙe. Ta Jamus kuwa 'yar tsegumi ce. Ko tsakuwa ta taka sai ta gaya wa tafin hannunka. A kwana kam ba laifi, inda ka ajiye ta nan take bi."

Na ce, "Ta ukun fa?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Ta Amurka? Kin san yadda kike dama kunu in ya yi ruwa-ruwa? To haka sitiyarinta yake. Da ɗan yatsa ɗaya na juya ta a gaban Kasuwar Sabon Gari, mutane suka tsaya suna kallo. A hagu ma sitiyarin yake, ba kamar na sauran motocin gari ba. Tana ɗan rangaji a kwana kamar kwalekwale, amma wannan ai ado ne."

Ita aka saya, baƙa wuluk, doguwa kamar ba za ta ƙare ba. Ya gaya mini Alhaji ya tambaye shi ko ya san kanta sosai, ya ce kamar yunwar cikinsa.

Kwana huɗu da sayen ne Nwabueze ya zo. Shi ke gyara duk motocin Alhaji. A Sabon Gari ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ta 'yan Fagge, kuma akwai wasa tsakaninsa da maigidana. Da ya yi waccan tambayar, sai na ji maigidana ya fashe da dariya.

"Oga, kai likitanta ne, ni kuwa mijinta ne. Ina jan mota tun kana wanke sifana."

"Ba musu nake da kai ba, Sarkin Gangara. Da ni aka tambaya da ta Jamus zan ce. Mota mai tsegumi ita ce abokiyar direba. Wannan laushin da kake ji ba na hannunka ba ne, aro ne. Inji ne ke tura wani mai, man ke juya maka taya. Burkin ma da taimakon inji yake kamawa. Ran da inji ya yi shiru, mai aro ya karɓe kayansa."

"Sitiyari ai sitiyari ne. Na juya mota mai buhu ɗari da hannun nan."

"Ka zo gareji gobe mu gwada a fili, ka ji da hannunka. Minti biyar."

"In zo yaranka su ga ana koya mini tuƙi? Tuwo na tafe, Oga, miyar kuka ce, ba irin taku mai kama maƙogwaro ba."

Suka yi dariya. Na ajiye akushin a hankali, na ƙwanƙwasa ƙofa yadda na saba, na koma ciki. Ba su san na ji ba.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ban san inji ba, ban san mai ba, amma na san aro. Na taɓa aron turmi, mai shi ta aiko a karɓa ina tsakiyar daka. Ina tsakar gida in na ji ƙarar mota sai in tsaya in kasa kunne. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Yana ɗaura agogo da safe na ce, "Maigida, wai motar nan, in..."

Ya juyo. "In me?"

Na sunkuyar da kai. "Ba komai. Kokon zai huce."

Wace ce ni da zan yi wa Sarkin Gangara maganar mota? In na faɗa kuma zai gane na tsaya jin hirar maza. Na riƙa lallashin kaina da cewa cikin gari babu gangara. Daga Fagge zuwa kanti, daga kanti zuwa tashar jirgi, duk shimfiɗe ne. Haka aka yi mako shida lafiya.

Sai Hajiya Ummakulsum, matar Alhaji, ta aiko. Ni nake yi mata kitso, tana kuma ji da ni kamar 'yarta. Ta ce za ta suna Wudil gidan ƙanwarta, in shirya mu tafi tare in yi wa mai jego kitso. Da na ji da sabuwar mota za a je, sai na tuna maganar Nwabueze. Ban taɓa shiga mota maigidana na ja ba sai ran nan.

Da hantsi muka tashi. Hajiya ta zauna a bayansa, ni na takure a ɗaya gefen, daga inda nake ina ganin hannunsa na dama da makullin yana lilo. Kujerar ta yi laushi har na rasa yadda zan zauna.

Hajiya ta ce, "Kai Sammani, wannan mota ce ko gado? Tsohuwar motar nan da kuka sayar duk ta kwance mini ƙugu."

"Ai Hajiya ba ki ga komai ba. Dubi nan." Ya saki hannu ɗaya, ya ɗora yatsa guda a kan sitiyarin, ya kauce wa wani mai jaki kamar wasa.

"A'a, riƙe da kyau, ɗan nema! Asama'u, ba kya yi wa mijinki faɗa?"

Na rufe fuska da mayafi. Suka yi dariya, ni kuwa idona na kan makullin.

Mun yi nisa sosai sai hanya ta fara sauka. Doguwar gangara ce, a ƙasanta hanya ta lanƙwasa kafin wata 'yar gada. Na ga kafaɗunsa sun saki, irin na mutumin da ya hango abokinsa. Na ga ya taɓa giya. Na ga hannun ya nufi makulli. Na so in yi magana. Amma ta yaya zan ɗaga murya in kwaɓi mijina a gaban Hajiya? Da wane suna ma zan kira shi? Ina cikin wannan sai na ji ƙarar inji ta ɗauke. Shiru, sai kukan iska da na taya.

Motar ta sulale, gudu na ƙaruwa. Ya ce, "Hajiya, nan zuwa gada ko ɗigon mai ba za mu ƙona ba."

Muka iso kwanar. Ya tura sitiyarin da yatsan nan nasa. Bai motsa ba. Ya sa hannu ɗaya, ya sa biyu, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya taka burki, na ji yana cewa, "Kai! Kai!" Sai a lokacin bakina ya buɗe, na ce, "Maigida, injin!" Amma an riga an makara. Motar ta ɗan karkata kaɗan, ba yadda kwanar ke so ba, ta bar hanya, ta gangara cikin rami, ta daki gindin wata ɗorawa.

Allah ya yi da sauran kwana. Hajiya ta karye a hannu, ni goshina ya fashe, shi sitiyarin ya buge shi a ƙirji. Gaban motar kuwa ya lotse kamar tsohuwar tasa. Ihun da na yi, babu wanda ya tuna da shi cikin salati da kururuwa.

Da aka dawo da mu Fagge, Alhaji ya tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Sitiyari ne ya ƙage." Gaskiya ce, amma rabinta. Nan take wani ya tuna cewa kwana biyu kafin tafiyar Nwabueze ya canza wa motar baƙin mai. Kafin la'asar magana ta cika unguwa, wai bakanike ne ya kwance wani abu ya manta bai ɗaure ba. Aka ce Alhaji zai janye motocinsa duka daga garejin, har ma zai kai shi wurin 'yan sanda.

Kwana uku na yi ina saƙa da warwara. In na yi magana na tona asirin mijina, aikinsa ya tafi, gidan da muke ciki ya tafi. In na yi shiru an zalunci bawan Allah. Shi ma maigidan yana kwance a ɗaki, fuskarsa na kallon bango.

Rana ta uku da safe aka yi sallama. Magret ce, matar Nwabueze, da lemo a ƙullin ɗankwali. Ta duba goshina ta ce, "Sannu, 'yar'uwa, Allah ya rufa asiri." Ban iya kallon idonta ba. Da za ta tafi sai ta ɗaga murya kaɗan wajen ƙofar ɗaki. "Maigidana ya ce a gaida Sarkin Gangara. Ya ce mota ƙarfe ce, ana samun wata, tunda rai ya tsira shi ke nan."

Ba ta ƙara komai ba. Bayan fitarta na ji motsi. Maigidana ya fito dafe da ƙirji, ya tsaya yana kallon lemon nan a kan tabarma. Sannan ya ce, "Miƙo mini hulata."

Hajiya ce ta ba ni labarin abin da ya faru da ya isa gidan Alhaji. Ta ce ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, "Alhaji, bakanike ba shi da laifi. Ni na kashe inji a gangara. Ban san halin motar ba, na ce na sani." Alhaji ya ce, "Da tun farko ka faɗi haka, da na sa an koya maka. Ajiye makullin." Ya ba mu zuwa tsayuwar wata mu tashi daga gidan.

Yanzu muna ɗakin haya a Rijiyar Lemo. Ya koma jan motar gyaɗa, Nwabueze ne ma ya yi masa hanya wurin wani mai motoci. Yakan dawo tafin hannunsa duk kanta. A tasha an daina kiransa da sunan nan, shi ma ba ya so. Rannan na ji wani ya tambaye shi wata hanya a ƙofar gida, ya ce, "Wallahi ban sani ba, bari mu tambaya." Na tsaya da tsintsiya a hannu har suka wuce.

Abu ɗaya ne bai faɗa wa Alhaji ba, wato cewa an gargaɗe shi tun da wuri, har an ce ya zo a gwada masa ya ƙi. Nwabueze ma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Matan unguwa kuwa har gobe suna zuwa kitso suna zungurata da tambaya. "Asama'u, ke da kike ciki, gaya mana. An ce gadar nan tana da mutanen ɓoye, su suka riƙe sitiyarin?" Nakan ce, "Sunkuyo da kanki, kitson zai karkace."

Darasin da ke cikin wannan labari, ya kai mai karatu, shi ne kada gwanintar jiya ta hana ka tambaya a kan abin yau. Abin da ya zo maka da sauƙi, ka bincika ko ƙarfinka ne ko na aro, domin kayan aro ba ya rufe katara. "Ban sani ba" kalma uku ce, da maigidana ya faɗe ta da bai rasa aiki da gida ba. Ni ma ina da nawa kason. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta ɗaure maka baki kana ganin rami a gaba ba ado ba ce, kuma na ɗauki alkawari ba za ta sake ɗaure ni a irin wannan wuri ba. Sai dai akwai maganar da ke ceto, akwai wadda ba ta da aiki sai ƙara wa wanda ya faɗi ciwo. Wanda aka zarga an wanke shi, mai laifi ya biya. Tambayar nan da na ji a bayan ƙofa, maigidana bai san na ji ta ba, yana kallona a matsayin matar da ba ta ga ranar da ya yi wa gaskiya dariya ba. Na yanke shawara zan bar masa wannan. Ba zan gaya wa Hajiya ba, ba zan gaya wa matan kitso ba, shi kansa ma ba zan gaya masa ba.