Takalmin Sallau a Ƙofar Likita

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba, ana ce masa Sallau Baduku. Wannan labari ba a bakin hanya na tsince shi ba. Daga mahaifina na ji shi, Allah ya jiƙansa, shi kuwa ba ya faɗin abin da bai auna ba. Saboda haka ku gyara zama, ku saurara.

Sallau takalma yake ɗinkawa, da su yake ci da iyalinsa. Da shekaru suka ja, sai yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zamana zare da allura sai ya lalluba. Baduku kuwa in ya rasa ido, ya rasa gona, ya rasa rumbu. Ana nan sai aka ba shi labarin wani likitan ido da yakan zo wani asibiti a babban birni sau ɗaya a shekara. Kwana uku yake duba mutane, arba'in a kowace rana, kuma wanda aka rubuta sunansa shi za a yi wa aiki. Wanda ya rasa, sai baɗi.

Sallau ya ɗaure guzurinsa, ƙuli-ƙuli da garin rogo, ya hau motar kaya a kan buhunan albasa, domin ita ce mai araha. Magabata sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ina ga wanda idonsa ya riga ya yi rauni? Ranar farko ya tsai da bas, ya faɗi sunan asibitin. Kwandasta ya ce, "Shigo, Baba, hanya ce." Ashe ba hanya ba ce. Aka kai shi can ƙarshen gari aka sauke. Ya dawo a ƙasa, tambaya bayan tambaya, ya iso an rufe ƙofa. Ya koma tasha ya kwana a barandar masallaci, jakarsa ce matashi.

Rana ta biyu ya taho a ƙafa tun da sassafe. Ya tarar da mutane zaune a inuwar darbejiya, bakin ƙofa kuwa babu kowa. Ya yi hamdala, ya je ya tsaya. To ku saurara, nan ne kuskuren. A wannan wuri ba mutum ke bin layi ba, takalmi ke bi. Kowa ya zo sai ya cire ƙafa ɗaya ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, ya koma inuwa. Sallau bai san wannan ba, idonsa kuma bai nuna masa jerin takalman da ke ƙasa ba. Ya tsaya a rana tun hantsi har ta take tsaka.

Akwai wani dillali a cikin na inuwar, Barau, mai bakin tsiya. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam, kai ne sabon mai gadin? An ba ka sanda kuwa?"

Aka yi dariya. Mutum fiye da hamsin, babu wanda ya tashi ya gaya masa. Sai da aka cika arba'in, mai gadi ya zo rufe ƙofa, sannan ya ce masa, "Baba, ina takalminka a layi?" A nan Sallau ya gane. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Allah ya kai mu gobe."

Rana ta uku, ranar ƙarshe, ana sallame sallar asuba ya kama hanya. Ya cire takalmin dama, ɗinkin hannunsa, ya ajiye. Mai gadi ya bi jeri yana ƙirgawa, ya ce, "Ka taki sa'a, Baba. Kai ne na arba'in." Barau kuwa, da jiya ma bai samu shiga ba, bas ta makarar da shi, takalminsa na arba'in da uku.

Da hantsi ya yi, layi ya kai arba'in da shida, sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda, ƙafarta babu takalmi. Ta wuce inuwa, ta je ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda Sallau ya tsaya jiya.

Barau ya ce, "Jama'a, yau kuma mace aka ɗauka gadin!"

Sallau ya tashi yana ɗingishi da takalmi ɗaya, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, a nan takalmi ake ajiyewa. Ina naki?"

Ta ce, "Ɗan nan, sunana Tabawa, kwana biyu ina hanya. Takalmana a ƙofar bas suka salwanta, wajen turereniya. Jikokina marayu na bar wa maƙwabta. Ni dai in ga tukunyar da nake dafa musu, ya ishe ni."

Ku tsaya nan, ku sa kanku a matsayinsa. Guzuri ya ƙare. Ido ba zai jira baɗi ba. Da ya cire takalmin hagu ya ajiye mata a ƙarshen layi, wa zai zarge shi? Ai ya ma fi na inuwa duka. Ya cire kuwa, ya kai shi ƙarshe, na arba'in da bakwai. Sannan ya juyo ya ce wa jama'a, "Ku shaida. Takalman nan biyu nawa ne. Na gaban na Inna ne, na bayan nawa. Ban tsallake kowa ba."

Barau ya ce, "Kai, baƙauye! Ka san abin da ka yi kuwa?"

Sallau ya ce, "Na sani. Jiya na ɗanɗana tsayuwar nan."

Layi ya yi ta tafiya har aka zo na arba'in. Ƙasa ta yi zafi, saboda haka Sallau ya sanya wa tsohuwa takalmin a ƙafarta, ya raka ta bakin ƙofa. Mai gadi ya rufe. Sallau ya koma inuwa ya zauna, ya sunkuyar da kai. Mahaifina ya ce ya yi hawaye, kuma ba abin kunya ba ne.

A ciki kuwa, likita ya ji tafiya, taf, shiru, taf, shiru. Ya duba ya ga tsohuwa da takalmin namiji, ƙafa ɗaya. Ya ce, "Inna, ina ɗayan?"

Ta ce, "Yana waje, ranka ya daɗe, a ƙarshen layi, tare da mai shi." Ta kwashe labari ta gaya masa.

Likita ya ce wa mai gadi, "Je ka shigo mini da mai takalmin nan."

Mai gadi ya fito da saurinsa. Kuna tsammani Sallau ya zabura? Bai zabura ba. Ya ce, "Ka gaishe shi, ka ce na gode. Amma akwai takalma shida a gaban nawa."

Mai gadi ya kai saƙo. Likita ya ajiye jakar da ya riga ya ɗauka, ya ce, "Shigo da su duka bakwai, bi da bi." Barau, mai bakin nan, ya wuce ta gaban Sallau, bai iya ɗaga kai ba. Sallau ya shiga a ƙarshe, aka rubuta sunansa, aka yi masa aiki. Ya yi shekara goma sha wani abu yana zura zare da hannunsa bayan haka. Tabawa kuwa da takalman nan biyu ta koma gida, shi ya koma ƙafa a ƙasa, yana cewa baduku ba ya rasa takalmi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alheri ba sai mai wadata ba, kuma wanda ya ba da abin da shi kansa yake buƙata, Allah ba ya barinsa a bakin ƙofa. Amma kada ku manta da mutanen inuwa. Kalma ɗaya ce ta gagare su, kalma ɗaya tak. Kullum kuna haɗuwa da baƙi a tasha, a asibiti, a ofisoshi, suna tsaye inda ba a tsayawa, suna hawa motar da ba tasu ba. Ku kun san hanya. In ba za ku iya ba da takalminku ba, to ku tashi daga inuwa, ku nuna wa baƙo inda zai ajiye nasa.