Ranar da Ɗangana Ya Rataye Digarsa

Akwai wani dattijo a wani ƙauye da ke kan tudun bayan Deule, sunansa Ɗangana. Wanda ya san Adar ya san ƙasar tudun nan ba ta da wasa. Ka sare ta kamu ɗaya, sai marmara ta tare ka, diga ta dawo maka har kafaɗa. Shi ya sa haƙar kabari a can aikin maza ne na gaske, kuma a garin nan kaf babu wanda ya kama ƙafar Ɗangana.

Shi da matarsa Balki su kaɗai ne Kirista a garin. Mahaifinsa ne ya bar tsafin kakanni ya bi Yesu, lokacin da sauran dangi suka musulunta. Abin bai taɓa raba su da kowa ba. 'Ya'yansu sun watse, macen tana aure a Maraɗi, namijin yana neman abinci a Abijan, gida ya rage daga tsoho sai tsohuwa.

In aka yi mutuwa, kafin kukan mata ya gama zagaya gari, Ɗangana ya saɓa diga ya nufi maƙabarta. In ɗan mamaci ya zo zai kama masa, sai ya ture hannunsa ya ce, "Mai mutuwa ba ya riƙon diga. Tahi ka zamna." Ya gama haƙa, ya koma gindin wata bagaruwa ya tsaya har a idar da salla, sannan ya dawo a rufe da shi. Haka aka saba shekara da shekaru.

Babban amininsa Attahiru ne. Uwar Ɗangana ta rasu yana jinjiri, Inna Fatsima uwar Attahiru ce ta ɗauke shi ta shayar da su tare. Har suka yi furfura, ɗan inna suke kiran juna.

To, sai ɗan nan na Abijan ya aiko wa tsoho da babbar waya, aka saka shi cikin wani rukunin wasap. Wata rana aka turo guntun wa'azi na wani mutum da ba wanda ya san garinsu, mai murya kamar ana faɗa a tasha. Ya ce Yesu da bakinsa ya faɗa, a bar matattu su binne matattunsu. Ya ce duk wanda ba mai bi ba matacce ne, Kiristan da ya je jana'izarsa kuwa ya taka maganar Ubangiji.

Ɗangana ya saurara, ya maimaita, ya ƙara maimaitawa. Ya ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, ya lalubo Luka sura tara, ya bi da yatsa har ya ga layin. Ga shi kuwa a rubuce. Bai dubi abin da ke sama ba, bai dubi na ƙasa ba, ya rufe littafi. Mutumin da bai taɓa gama sura guda a zama ɗaya ba, ran nan ya zama malamin kansa.

Balki 'yar wani tsohon mai bishara ce na Madawa, a cikin karatun nan ta tashi, sai dai yanar ido ta hana ta ganin rubutu. Ta ce masa, "Maigida, aya ba ta tahiya ita ɗai. Tana da na gaba, tana da na baya. Bari ranar Lahadi mu kira fasto mu tambaye shi."

Ya ce, "Abin da idona ya gani, mi zan tambaya?"

Ba a daɗe ba, cikin tsananin bazara, Inna Fatsima ta cika. Attahiru da kansa ya zo ƙofar gida, idanunsa jawur.

"Ɗan inna, tsohuwarmu ta tahi. Ɗauko diga."

Ɗangana ya sunkuyar da kai. "Allah shi jiƙan ta. Amma ni ba ni zuwa."

"Ba ka lahiya ne?"

"Lahiya lau nike. Littahinmu ya hana."

Attahiru ya dube shi. "Littahin da babanka ya karanta har ya mutu? Shi da ya bizne ubana da hannunsa?"

Ɗangana ya kau da kai.

"To, ba ni aron digar," in ji Attahiru.

Ya miƙa masa. Samari suka yi ta fama da marmara, ba su san jijiyarta ba, ba su san inda ake karya ta ba. Tsohuwar da ta shayar da shi tana kwance cikin zafin nan tun hantsi har la'asar tana jiran rami, shi kuwa yana zaune a tsakar gida yana jin saran da ba ya shiga. Da yamma ya tarar da digar jingine a ƙofa, ba sallama. Ya ɗauka ya rataye ta a ƙarƙashin rumbu.

Ku san mutanen karkara, ba su zage shi ba, ba wanda ya ɗaga masa murya. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. In ya doshi inuwar da dattawa ke shan shayi, hira ta mutu, ba mai matsawa ya ba shi gefen tabarma. Ranar kasuwar Buza, amalanke ya wuce shi a hanya, a ɗaga masa hannu a yi gaba. Matan da ke shigowa su taya Balki tsince hatsi suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi mutuwa, aka sake yin wata, ba wanda ya ƙara zuwa ƙofarsa.

Da fari har yana jin kansa, wai ana tsananta masa saboda gaskiya. Amma kaɗaici ba ya jin wannan bayani. Gidan ya yi shiru, irin shirun da za ka ji akuya tana tuƙa daga bayan danga. Yakan zauna da yamma waya a hannu, ba mai kira. Mai wa'azin nan bai san ma akwai wani Ɗangana a duniya ba. Yana kewar Attahiru ƙwarai, yana kewar gardamarsu a kan wane ne ya fi shan nonon Inna, amma ko Balki bai gaya wa ba.

Da damina ta kama, Balki ta kwanta. An kai ta likita a Buza, an dawo da magani, jiki dai sai ƙara narkewa yake. Wata la'asar ta ce, "Maigida, ina marmarin jin karatu. Karanta mini surar nan taka. Amma tun daga kai."

Ya zauna bakin gado yana haɗa baƙi da ƙyar. Kafin ya iso ayarsa, sai ya ci karo da wani labari. Yesu yana kan hanyar Urushalima, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da shi, mabiyansa biyu suka ce a kira wuta ta cinye garin, ya juya ya tsawata musu. Ɗangana ya tsayar da yatsa a kan layin.

"Ci gaba," in ji Balki.

Sai ga mutane uku a bakin hanya, ana maganar bin Yesu, kowa da abin da ya riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu ne Yesu ya kira, mutumin ya ce a bari sai ya binne ubansa tukuna, shi ne aka ba shi waccan amsa, aka ce ya tafi ya yi shela.

Balki ta ce, "To, wa aka hwaɗa ma? Duniya duka, ko mutum guda da aka kira yana neman jinkiri?"

"Mutum guda."

"In gobara ta kama danga, na ce ma ɗiyata ta bar tukunya ta zo, na hana girki ke nan har abada?"

Kashegari ta sa ya koma baya, sura ta bakwai. Ya karanta yadda Yesu ya gamu da masu ɗauke da gawa a ƙofar wani gari, ɗan wata gwauruwa, ya ji tausayinta, ya matso har ya taɓa makarar. Ta sa ya yi gaba, sura ta goma, ya ga wanda aka yaba a matsayin maƙwabci baƙo ne mai wani addini, wanda ya tsaya kan mai rauni a hanya. Ta tuna masa cewa shi kansa Yesun mutane ne suka naɗe shi a likkafani suka sa shi a kabari, littafin kuma bai zarge su ba.

Ɗangana ya rufe littafi. Ya ce, "Balki, na cuci Inna."

"Inna ta tahi. Attahiru na nan. Tahi ka same shi."

Ya ce gobe. Goben ta zo, ya taka har kusa da ƙofar Attahiru, ya jiyo muryarsa a zaure, ƙafa ta ƙi. Ya juyo ya ce wa Balki bai same shi ba. Kunya ce da ragowar girman kai suka riƙe shi, ya yi ta ɗaga abin daga gobe zuwa jibi.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, Balki ta cika.

Ɗangana ya hau kan dutsen da ake samun rezo, inda waya ke kamawa, ya kira faston Madawa. Fasto ya yi masa ta'aziyya, ya ce ƙorama ta cika ta yanke hanya, ba mota ba babur, sai ruwa ya janye, watakila gobe, watakila jibi. Gawa kuwa ba ta jiran jibi. Ya gaya masa inda zai karanta, ya ce ya nemi maƙwabta su taimaka.

Maƙwabta. Da wane baki?

Ya lulluɓe ta da zanenta, ya jawo ƙofa. Ya sauko da digar daga ƙarƙashin rumbu, bakinta ya yi tsatsa. Ya nufi gefen gonarsa inda kabarin mahaifinsa yake. Ƙasar sama ta jiƙa, ta ba shi hanya ba gardama. Daga nan marmara ta ce ga ni.

Ya sara, ya sara. Ƙarfin da ya sani a da ya tafi tare da shekaru da zaman banza. Tafin hannunsa ya saɓule. Can ƙasa a kwari yana hango mutane duƙe a gonaki, don ranar da ta biyo ruwa ba manomin da ke ɗaga kai. Rana ta take tsaka, ramin ko gwiwa bai kai ba. Ga Balki can ita kaɗai a ɗaki, ba macen da za ta yi mata wanka. Ya tuna Inna Fatsima kwance tana jiran rami. Sai ya zauna cikin ramin, ya rungume ƙotar diga, ya yi kuka irin na wanda ba shi da kowa.

Inuwa ce ta faɗo masa. Ya ɗaga kai, ga Attahiru, ƙafafunsa duk taɓon gona. Bayansa ga maza da hauyoyinsu, har da liman yana dogara sanda.

"Mun ji diga," in ji Attahiru. "Garin ga kowa ya san saranka, kuma abu guda ne ka sa ka sarar marmara. Rukaiya da mata suna can wurinta."

Rukaiya matar Attahiru ce. Ɗangana ya buɗe baki. "Ɗan inna, ranar da Inna ta..."

"Ban manta ba. Ba ni yi maka ƙarya in ce bai yi mini zahi ba, har yau yana yi. Amma nonon da munka sha guda ne." Ya miƙo hannu. "Hito. Mai mutuwa ba ya riƙon diga. Tahi ka zamna."

Suka karɓa suna canji, kafin la'asar an gama. Aka kawo Balki a wanke, a naɗe da farin ƙyalle. Liman ya matso ya ce, "Ɗangana, ba mu san addu'arku ba. Kai ka yi. Mu muna nan gehe." Suka koma gindin itace suka tsaya shiru, daidai yadda shi yake tsaya musu a da. Ya buɗe littafin mahaifinsa ya karanta inda fasto ya ce, tun daga farko har ƙarshe, hawaye na ɗiga kan takarda. Da ya ce amin, suka dawo aka rufe tare.

Bayan an tashi zaman makoki, ya roƙi Attahiru ya kai shi kabarin Inna Fatsima, don bai ma san inda yake ba. Suka je. Ramin bai yi zurfi ba tun farko, ruwan damina ya zaizaye gefe ɗaya, ƙasa ta lotsa. Ɗangana ya tsaya yana kallo. Da shi ya haƙa, da haka ba ta faru ba, kuma su biyun sun san da haka.

Ɗangana ya tuɓe riga, ya shiga ɗauko duwatsu daga bakin tudu yana jerawa. Attahiru ya sunkuya zai kama masa, Ɗangana ya riƙe hannunsa.

"Bar ni, ɗan inna. Wannan nawa ne, na makara da shi."

Darasi: Kada ka tsinko aya guda ka gina hukunci a kanta. Karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, ka san wa aka faɗa wa, a wane hali, don me, ka kuma tambayi masu sani kafin ka yanke zumunci saboda guntun wa'azin da aka turo maka a waya. In fahimtarka ta sa ka juya wa wanda ya raine ka baya ranar kukansa, koma ka sake karatu tun daga kai. In kuwa ka gane kuskurenka, je ka nemi gafara yau, kada ka ce gobe. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, Kirista da Musulmi, wataƙila akwai wani Ɗangana a cikinmu da ke tsaye bakin wata ƙofa ya kasa sallama.