Jirgin da Jika Bai Shiga Ba

A zamanin da an yi wani sarki wanda babban kogi ya raba ƙasarsa biyu. Dokar da ya gada ita ce, duk matuƙin jirgin fito da ya cika shekara sittin sai ya ajiye filafili. Ana nan matuƙa suka yi ƙaranci, fatake suka dinga kwana a mashigi. Sarki ya tara fada don a duba ko za a ɗaga shekarun.

Sarkin Jirgi Gwadabe, wanda damina ɗaya ta rage masa ya cika sittin, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗago yana huci. Mutum ne mai zafin rai, ko sauro ya cije shi sai unguwa ta ji.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki! Wane la'ananne ya ce hannu na mutuwa ranar da aka cika sittin? Ruwan nan tun ba ni da gemu nake ratsa shi, ban taɓa jiƙa wa bafatake ko gammo ba. Yau a ce in koma gindin bango ina korar ƙuda?"

Jatau, shugaban matasan matuƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma furfura ta fara fito mana muna jiran su Baba su matsa. In jirgi ya kife, kogi ba ya tambayar tsohon suna."

Gwadabe ya zabura zai shaƙe shi, sai da dogarai suka shiga tsakani.

Waziri ya gyara zama ya ce, "Sarkin Jirgi, ka yarda da hannun dukan tsofaffinka?"

"Kamar yunwar cikina!"

"Madalla. Gobe kowane tsoho ya zo mashigi da jikansa, ya sa shi a jirgin wani tsohon da ya amince da shi, ban da nasa. Wanda ya sami fasinja ya ci gaba da tuƙi, komai shekarunsa."

Gari ya waye kogi ya cika ya batse. Gwadabe ya riƙo jikarsa, ya wuce jirgin amininsa Na'Allah, don ya san hannunsa na rawa, ya sa ta a wani. Ya koma nasa ya tsaya yana dube-dube. Jirage suka yi ta cika suna tashi. Nasa kuwa ko ɗan akuya ba a kawo ba.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya hangi mutum tsaye a bakin gaɓa, ya nufe shi yana nuna shi da filafili. "Kai ma, Na'Allah? Munafuki! Shekara nawa ina rufa maka asiri?"

Daga bayansa muryar Na'Allah ta ce, "Ga ni nan, Gwadabe. Sarki ne a gabanka. Mu ma mun daɗe muna rufa maka naka."

Gwadabe ya murza ido, ya sake murzawa. Rawanin Sarki da farin hazon da ya daɗe da rufe masa ido duk ɗaya ne.

Sarki bai yi fushi ba. Ya soke dokar sittin, ya tabbatar da ta jikoki, a maimaita kowace damina, tsoho da yaro. Ya ce Gwadabe ya riƙe sarautarsa daga tudu.

Gwadabe ya miƙa wa Jatau filafilin ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Karɓi. Je ka ɗauko mini jikata daga ƙetare. In ƙafarta ta jiƙe, sai na ci mutuncinka."