Bencin Baba da Kwalayen Awo

Akwai wani mai shagon takalman mata da ake kira Ɗan Gayu. Shagon na mahaifinsa ne, ya gada. Ranar da ya karɓi makulli ya fitar da tsohon bencin da mata ke zama su gwada takalmi, ya kafa madubi mai tsawon ƙofa. Madubin nan dai shi ya fi kowa morarsa.

Sai ya buga ƙaton allo: wata siririya a kan takalmi mai tsini, an rubuta, "Ki haskaka, maza su waiwaye ki."

Maza kam sun waiwaya, amma allon suke kallo. Mata suka ɗauke ƙafa.

Dangi suka zauna suka yanke magana: idan shekara ta cika a haka, za a ba mai gyaran waya hayar shagon.

Wata yamma yayarsa, wadda nas ce, ta biyo daga wurin aiki.

"Yaya, matan nan ba su san kaya ba," in ji shi.

Ta nemi wurin zama ta rasa. Ta zauna a kan kwali ta cire takalminta. Ƙafar ta kumbura, shatin takalmin ya kwanta a jiki.

"Awa goma sha biyu nake tsaye. Ka ga alamar mai waiwaya ta nake nema?"

"Haba Yaya, ni fa na yi kwas ɗin talla."

"Na kwana uku, a waya. Ka taɓa tambayar mace ɗaya abin da ke damun ƙafarta?"

Ya juya yana goge madubi.

Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo wani buhu. Cike yake da yankakkun kwalaye, kowanne da zanen tafin ƙafa da rubutun mahaifinsu. "Malamar makaranta, babban yatsa na ciwo." "Mai wanki, tana tsayawa cikin ruwa." "Mai ciki, a ƙara faɗi."

"Baba ba ya awo da safe," ta ce. "Sai da yamma, lokacin da ƙafa ta gaji."

Can ƙasan buhun ya ci karo da wani kwali da ya tsufa: "Uwar yara. Diddige na tsagewa, a sa mai laushi." Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarsu. Bai taɓa sanin diddigenta na tsagewa ba. Ya daɗe yana riƙe da kwalin.

Washegari ya dawo da bencin, ya sauke allon, ya rubuta sabo: "Kin wuni a tsaye? Shigo ki zauna. Za mu auna ƙafarki, ki taka ki ji. In ya matse ki, ki dawo da shi."

Wadda ta fara leƙowa wata dattijuwa ce.

"Ɗan nan, bencin ya dawo?"

"Ya dawo, Mama."

"To duba buhun babanka. Ni ce malamar makaranta."

Ya nemo kwalinta, ya durƙusa ya ɗora ƙafarta a kai. Mako na zagayowa ta kawo malamai huɗu.

Shekara ta cika, mai gyaran waya ya nemi wani wuri. Madubin kuwa an kwantar da shi a gindin bango. Yanzu ƙafa kawai yake nunawa.

Darasi: In kana son mace ta sayi kayanka, kada ka faɗa mata yadda za a kalle ta. Ba ta wurin zama, ka tambayi damuwarta, ka rubuta tallarka da amsar da ta ba ka. Ku tura wa duk mai shagon da ya fi kwastomominsa kallon madubi.