Rumbun da Ba Ya Jin Uzuri

Akwai wani mutum a wani gari, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya ƙudura a ransa zai ƙera manhajar waya da za ta taimaki mutane su tsara ayyukansu na yini. Mutum ya rubuta abin da zai yi yau, waya ta tuna masa, in ya gama ya danna ya ce ya gama. Shi kaɗai ya sa kansa a aikin. Shi ne maƙeri, shi ne mai gyara, shi ne mai talla, shi ne kuma mai amsa ƙorafi. In an ɗauke wuta ya rungumi kwamfutarsa ya tafi shagon mai caji, ya zauna a benci yana aiki, ana ta wucewa ana yi masa kallon wanda ba shi da abin yi.

Da ya gama ya saki manhajar, sai shiru. Abokansa suka sauke ta don kunya, suka buɗe sau ɗaya, suka manta da ita. Mutum guda ce ta riƙe ta da gaske, yayarsa Afiniki, mai ɗinki a bakin kasuwa, wadda ta goya shi tun yana jariri, har ya girma ba ta daina ce masa Auta ba. Kowace safiya sai ta rubuta ɗinkin da za ta yi, kowace yamma ta danna. In ya zo mata rai a ɓace, takan zuba masa abinci ta ce, "Ci, Auta. Ni dai tana yi mini amfani."

Amma shi yabon yayarsa bai ishe shi ba. Jama'a yake so. Ya yi ta juya abin a ransa, har wata dabara ta faɗo masa. Ya zana rumbu a cikin manhajar. Duk ranar da mutum ya gama ayyukansa, sai damin hatsi guda ya shiga rumbunsa, yana gani da idonsa. Amma in ya tsallake rana ɗaya tak, wuta ta kama rumbun, ya ƙone ƙurmus, a koma farko. Babu Lahadi, babu ranar biki, babu ranar makoki.

Kai, jama'a! Sai ga mutane tururuwa. Ɗalibai suka shigo, 'yan kasuwa suka shigo, ma'aikata na nuna wa juna rumbunansu a ofis. Aka kira shi gidan rediyo. Mutanen da dā ba sa amsa gaisuwarsa suka fara ce masa ranka ya daɗe. Har wasu manyan mutane daga babban birni suka aiko cewa za su zo su gana da shi, su ɗauki nauyin aikin. Suka kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa abin da ya burge su shi ne wutar nan, domin ita ce ke dawo da mutane kullum. Mutumin nan ya ji daɗi ƙwarai. Ya sayi sabuwar riga ya rataye.

Ana gobe baƙin za su iso, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Ishaya ne, mijin yayarsa. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ka zo yanzu," in ji Ishaya. "Yayarka tana kan keken ɗinki."

Mutumin ya miƙe zumbur. Ya san ba a daɗe da yi wa Afiniki aikin yanar ido ba, ya kuma san likita ya ja mata kunne cewa kada ta sunkuya, kada ta ƙura wa allura ido, sai wurin ya warke. Shi da kansa ya yi alkawarin zuwa dubiya, aiki ya hana shi. Ya hau babur, duk tsawon hanya yana gaya wa kansa ai Ishaya mutum ne mai zuzuta abu.

Ishaya bai zuzuta komai ba. Ya same ta a tsakar gida, ido ɗaya a rufe da bandeji, ta kifa kai a kan keken ɗinki, ƙafarta na ta taka shi. Ruwa na gangarowa daga ƙarƙashin bandejin, tana sharewa da bakin zane. Wayarta na jingine da gwangwanin maɓallai, rumbun na haskawa, cike taf.

"Yaya! Me kike yi haka?"

"Saura riga biyu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Bari in ƙarasa."

"Likita fa ya hana ki!"

"Likita ya san uzuri. Rumbunka bai sani ba. Kai ka gina shi, ka fi ni sanin halinsa."

Ishaya ya sa baki. "Na ce mata ta danna kawai ta ce ta gama. Wa zai sani? Ta ƙi."

"In ce na yi abin da ban yi ba?" in ji Afiniki. "Ban saba ba, ko ga waya. Auta, ni ce ta farko da na fara tara hatsin nan. Tun ba ka da kowa nake ciki. In na bari ya ƙone, kamar kai na yasar."

Maganar ta soke shi. Ya durƙusa, ya kama ƙafar keken ya riƙe. "Yaya, don Allah ki tashi. Zan shiga ta ciki in kare naki. Wuta ba za ta taɓa shi ba, na yi miki alkawari."

Sai a lokacin ta juyo da ido ɗayan ta dube shi. "Ni kaɗai ce marar lafiya a ƙasar nan?"

Ba ita kaɗai ba ce. Domin ya san mutanen da suka sha roƙonsa. Akwai matar da ta haihu, akwai mutumin da ya tafi binne mahaifinsa, duk sun nemi ya mayar musu da rumbunansu, shi kuwa amsa guda yake ba kowa, cewa doka doka ce. Ya tuna baƙin gobe, ya tuna wahalar da ya sha a bencin mai caji. In ya kashe wutar, ya san abin da zai biyo baya. Zufa ta keto masa. Ya saki ƙafar keken don ya share goshi, sai ya ji keken ya ci gaba da ƙara.

Nan take ya zauna a ƙasa, ya zaro kwamfutarsa daga jaka. Ya cire wutar gaba ɗaya, ga kowa da kowa, ya kuma aika wa jama'a cewa daga yau wanda ya huta zai tarar da hatsinsa yadda ya bar shi. Ya miƙa wa yayarsa waya ta gani. Ta ɗauke ƙafarta daga kan keken, Ishaya ya kama ta suka nufi asibiti.

Kashegari baƙin suka zo, suka ji abin da ya yi, suka sha ruwa, suka yi godiya, suka tafi. Bai sake jin ɗuriyarsu ba. Mutane da yawa suka watse, wasu har da zagi, wai ya lalata musu abu mai daɗi. Kaɗan suka rage, da su ya ci gaba.

Idon Afiniki kuwa, likita ya duba ya girgiza kai. Ya ce an yi latti. Tana ganin haske da shi, tana ganin inuwar mutum in ya wuce, amma ba za ta ƙara zura zare a allura da shi ba. Da ƙanenta ya ji, ya fashe da kuka a gaban mutane. Ita ce ma ta lalubo kansa ta dafa, tana cewa, "Ya isa, Auta, ya isa."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ga ta. Manhajar ita ce aikin hannunmu, aiki kuwa abu ne mai kyau, Allah ne ya ba mu shi. Wutar ita ce tsoron da muke ɗora wa mutane don su yi mana abin da muke so, tsoron cewa kuskure ɗaya zai share duk alherin da suka taɓa yi. Ubangiji ba haka yake da mu ba. Shi da ya yi sama da ƙasa ya huta, ya kuma ba mu hutu kyauta. Ba ya ƙone rumbun ɗansa don ya kwanta ciwo.

Mu ne masu kunna wutar. Uba yana kunna wa ɗansa a kan jarrabawa. Mai shago yana kunna wa masu yi masa aiki. Mu ma masu tsayawa a gaban ikilisiya ba mu tsira ba, kada ku yi mini dariya: mace ta yi shekaru tana share majami'a, ranar da ba ta zo ba sai mu ɗaure mata fuska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wutar ba ta cin malalaci, shi ko a jikinsa. Mai aminci take ci, wanda ya fi kowa ƙaunarka.

Mutumin nan ya tuba, Allah kuma ya karɓi tubarsa, amma tuba ba ta dawo da ido ba. Saboda haka kada ka jira a kira ka a waya. Ka san mutumin da ke wahala yau don tsoron ɓata maka rai, sunansa ya riga ya zo maka tun ina magana. In an tashi daga sujada, kafin ka ci abinci, je ka same shi ka ce masa ya huta.