Zoɓon da Audu Ya Bari a Zaure

A cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka, akwai wata baiwar Allah mai suna Sailuba. Mace ce mai hannun kyauta, ga tsabta, ga iya tuwo. Aibinta ɗaya ne: tsoron bakin mutane. Ko miyarta ce ta ƙone, sai ta turara gidan kada maƙwabta su ji ƙauri. Mijinta Malam Zailani, mai ɗinkin babbar riga, yakan ce da za a raba aljanna bisa rufa-rufa, da tuni ta samu ɗaki biyu.

Wata Laraba da hantsi Audu direba, ƙanen Malam, ya zuba wa motarsa ruwan lagireto, wannan jan ruwan da ake sayarwa don sanyaya inji. Ragowar ya juye a robar zoɓo, ya ajiye a zaure, ya ɗauki fasinja ya tafi. Malam ya dawo daga kasuwa da ƙishirwa, ya ga roba ja wur kusa da tabarmarsa. Ya ɗauka aikin Sailuba ne. Ya kurɓa ya ji zaƙi, ya sha fiye da rabi.

Kafin azahar sai ga shi ya shigo cikin gida yana tangaɗi, yana dafa bango. Harshensa ya yi nauyi, idanunsa sai rawa suke yi, yana dariyar da babu dalili.

Sailuba ta bi shi da kallo. Irin wannan tafiyar ta taɓa ganinta wajen 'yan maye a bakin tasha.

"Malam, me ka sha?"

"Zo... zoɓonki," ya ce, ya zube kan tabarma.

"Ni ban yi zoɓo ba yau! Innalillahi. Da girmanka, da furfurarka?"

Ta sunsuna bakinsa ba ta ji warin komai ba, amma ko wannan bai sa ta tsaya ta yi tunani ba. Abin da ya cika mata kai shi ne me za a ce a unguwa. Ta ja shi ɗaki, ta saki labule. Da aka aiko daga masallaci ana tambayarsa, ta ce a ce yana barci. Maƙwabciyarta Kande ta jiyo kakarin amai ta leƙo, Sailuba ta tare ta a tsakar gida da murmushi.

"Ɗan zazzaɓi ne, ya ma sha magani."

Haka ta zauna tana yi masa fifita tana hawaye, tana jiran abin ya sake shi. Bai sake shi ba. Bayan la'asar ya daina amsa kira, numfashinsa ya koma sama-sama da sauri, can sai jikinsa ya kama jijjiga.

Ana haka Audu ya yi sallama, robar a hannunsa.

"Matar Yaya, wa ya taɓa mini ruwan lagireto? Cike na bar shi."

Sailuba ta dubi robar, ta dubi ɗakin, sai ta kurma ihun da ya tara unguwar da ta wuni tana ɓoye wa. Maza suka ciccibi Malam zuwa motar Audu.

A asibiti likita ta karɓi robar ta duba. Ta ce gubar da ke cikin ruwan nan ƙwaƙwalwa take fara bugawa, mutum ya zama kamar mashayi, daga nan ta sauka kan zuciya da huhu, ta ƙare a ƙoda.

"Tun yaushe ya fara tangaɗi?"

"Tun kafin azahar," Sailuba ta ce, kanta a ƙasa.

"Hajiya, da a lokacin kuka kawo shi, da aikin ya zo da sauƙi."

Allah Ya yi da sauran kwana. An yi ta yi masa wankin ƙoda har mako uku. Ya tashi, amma gefen fuskarsa ya saki, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Audu kuwa kullum yana bakin gado, ya kasa haɗa ido da kowa.

Ranar da aka sallamo su, Sailuba ta durƙusa gabansa ta faɗa masa komai, har ƙaryar da ta yi wa Kande. Malam ya dube ta ya ce:

"Ciwon bai dame ni ba, Sailuba, ƙaddara ce. Amma shekara talatin da ɗaya muna tare, ko goro ba na ci, kika yarda na sha giya?"

Ta fashe da kuka. Ya miƙa hannu, ya goge mata fuska da bakin mayafinta.

"Ya isa. Na yafe. Tashi ki dama mini kunu, amma a gabana za ki dama."

Darasi: duk wanda ka ga yana tangaɗi ko harshensa ya sarƙe, mara lafiya ne har sai likita ya ce ba haka ba, a garzaya da shi asibiti tare da abin da ya sha. Kada a zuba ruwan lagireto ko wata guba a robar abin sha. Zato zunubi ne, kuma surutun mutane yana wucewa, amma lafiyar da aka rasa wajen gudunsa ba lallai ta dawo ba.